Kirista da sha'anin mulki a ƙasar Maraɗi

Hawandawaki tana cikin gundumar Tasawa, can kudu, inda gonakin hatsi suke gangarawa zuwa iyakar Najeriya. Manomin wannan ƙasa, ko ɗan'uwansa na wajen Mayahi, yana iya yin shekaru bai haɗu da Kirista a kasuwa ba, in ma sun haɗu ba lalle ya gane shi ba, domin Hausa ɗaya suke yi, riga ɗaya suke sawa, fura ɗaya suke sha. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Saboda haka mai karatu yana iya cewa: ina ruwan mutumin Hawandawaki da zancen addinin Kirista da sha'anin mulki?

Ruwansa kuwa da yawa. Gawon da ke tsaye cikin gonarsa, da asibitin da yake kai iyalinsa in ciwo ya gagari likitan ƙauye, da ranar da ofishin gwamnati yake rufe, da littafin da shugaban ƙasa yake ɗora hannu a kai ranar rantsuwa, duka suna da labari wanda ya ratsa ta wannan batu.

A 1924 ne Turawan ƙungiyar mishan ta SIM suka shigo Nijar daga Najeriya, suka sauka Damagaram. Ƴan shekaru bayan haka suka kafa wuri a Tsibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, daga nan aikinsu ya bazu cikin yankin. Mutanen Amurka ne da Kanada da Ingila da makamantansu, masu jin Ingilishi, ƴan ɗarikar Furotesta, ga shi sun zo zama ƙarƙashin tutar Faransa. Kwamandan ba ya sakin jiki da su. Yana ganin baƙi ne da suka ƙetaro daga ƙasar Ingilishi, ba su jin harshensa sosai, suna shiga ƙauyuka suna magana da talakawa cikin Hausa ba tare da tafinta ba. A zamanin yaƙin duniya na biyu, daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, lokacin da hukumar Faransa ta Afirka ta Yamma take biye da gwamnatin Vichy, Najeriya kuwa tana hannun Ingila, zargin ya ƙaru, aka tsaurara musu tsaro, aka taƙaita musu yawo. Watau tun ranar farko mishan ta koyi darasi ɗaya: mai zama gidan aro ba ya ɗaga murya.

Ƴan Katolika sun biyo ta wata hanya dabam. Sun kafa a Yamai a 1931, da harshen Faransanci, yawancin masu binsu kuwa ma'aikata ne da ƴan sana'a da suka zo daga Dahomey da Togo da Haute-Volta. Su lakwal suka sa gaba, irin wadda ke kai yaro ga takardar shaida da aikin ofis. Mutanen SIM kuwa Hausa suka riƙe. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke cikin Hausar boko a 1932, kuma duk wanda ya bi su sai sun koya masa karatu domin ya karanta da kansa. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci za su so su san wannan: tun kafin gwamnati ta buɗe azuzuwan manya, akwai manoma a ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi da suka iya karanta Hausa da haruffan boko, kuma a zauren mishan suka koya.

Sai dai karatun Hausa bai buɗe ƙofar ofis ba, domin ofis Faransanci yake ji.

Linjila ta ba da labarin ranar da aka tambayi Isa Almasihu ko ya halatta a biya haraji ga sarkin Rum, ya amsa da rarrabe haƙƙin sarki da haƙƙin Allah. Tun daga wannan rana Kiristocin duniya suke karanta amsar ta fuska biyu. Waɗansu suna cewa ma'anarta mai bi ya biya harajinsa, ya yi biyayya, ya bar mulki ga masu mulki. Waɗansu kuwa suna cewa haƙƙin hukuma bai tsaya ga kuɗi ba, ya haɗa da ƙuri'a da shawara da riƙon amanar jama'a, har da faɗa wa mai mulki gaskiya. Turawan SIM na fuskar farko ne. A wurinsu siyasa abin duniya ce mai ɗauke hankali daga lahira, kuma suna tsoron in yaro ya yi zurfi cikin lakwal zai bar wa'azi ya koma malamin ofis. Barbara Cooper, masaniyar tarihi ta Amurka wadda ta buga littafi a 2006 a kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda tubabbun da kansu suka daɗe suna matsa wa mishan lamba ta buɗe wa ƴaƴansu makarantu na sosai, mishan tana jan ƙafa.

Mai son ya ga abin da wannan jan ƙafa ya jawo sai ya dubi ƙetaren iyaka. A Zariya, wata mishan ta Ingila ta zauna a Wusasa ta ba yaranta karatun Ingilishi mai zurfi. Daga cikin wannan ƴar ƙaramar jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Najeriya, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a Wusasa Yakubu Gowon ya girma, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975. A ƙasar Maraɗi kuwa, sa'ad da ake fafatawa tsakanin RDA ta Diori Hamani da Sawaba ta Djibo Bakary, har aka kai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Kiristocin ƙauyuka ƴan kallo ne. Ba rashin kishin ƙasa ya hana su ba. An koya musu nisantar dandali, ba a kuma ba su harshen da ake magana da shi cikin dandalin ba.

Da ƙasa ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, kundin tsarin mulki ya kira jamhuriyar da kalmar Faransanci layik, wadda aka gado daga Faransa, inda dokar 1905 ta raba majami'a da hukuma. Lahadi ta zama ranar hutun ma'aikata, Kirsimeti da Litinin ta Ista suka shiga jerin ranakun hutu tare da Sallah ƙarama da babba da Mauludi. A farkon waɗannan shekaru ne majami'un da SIM ta haifa suka haɗu cikin ƙungiya ɗaya ta ƴan ƙasa, EERN. Seyni Kountché, da ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ya tattara sha'anin Musulunci cikin ƙungiya ɗaya a wannan shekarar, ya sa mata ido, mishan kuwa ya bar ta ta yi aikinta muddin ba ta tsoma baki inda ba a tambaye ta ba.

Asibiti da kututture

Aikin nan shi ne hanyar da addinin Kirista ya fi shiga rayuwar jama'a a wannan yanki, ba ta kujerar majalisa ba. Asibitin Galmi, a jihar Tawa, ya buɗe a 1950. Gidan jiyyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi, ya biyo a 1956. Marasa lafiyar da suke cika waɗannan wurare, mafi yawansu nesa ba kusa ba, Musulmi ne, sukan karɓi magani su koma gida da addininsu.

Labarin itatuwa ya fi wannan tsawo, kuma shi ya fi shafar manomin Tasawa da Mayahi. A zamanin Turawa da bayansa, doka ta sa itatuwan daji hannun hukuma. Manomi ya ga gawo ko kalgo ya tsiro cikin gonarsa, amma ba shi da iko ya sare reshe sai da takarda, in ma'aikacin gandun daji ya kama shi sai tara. Mutum ba ya renon abin da ba nasa ba. Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Sai sassabe ya koma aski: kowace shekara a sare duk abin da ya tsiro, a ƙone. Farin 1973 da 1974 ya zo ya tarar da ƙasa tsirara, iska tana kwashe ta, rairayi yana binne shuka.

Gwamnati da masu ba da taimako suka zuba dukiya wajen dashe, aka kawo itatuwan waje, aka sa ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, amma akasarin dashen bai rayu ba. Cikin masu wannan wahala akwai Tony Rinaudo, malamin gona ɗan Ostireliya, ma'aikacin SIM, wanda ya zo Maraɗi a 1981. Bisa ga labarin da ya sha bayarwa, wata rana a 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ransa a ɓace, ya yi addu'a, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi bakin hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, tohon itace ne daga kututturen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa. Dajin da ake nema da kuɗi ashe yana ƙarƙashin ƙafa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya ko biyu ko uku a kowane kututture, ya rage sauran, ya kare su daga dabbobi da masu gatari. Dabara ce da tsofaffi suka sani, doka da yunwa suka sa aka manta. Ita ce ake kira sassaben zamani.

A watan Mayu 1984 gwamnati ta kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, a shekarar kuwa damina ta sāke ƙin zuwa. Mishan ta raba hatsi ga ƙauyuka bisa sharaɗin a bar toho cikin gonaki. Da hatsin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare, gama wanda ya yi abu don mudu, mudu ya yi wa. Amma waɗanda suka bari sun ga amfanin: itacen girki kusa da gida, harawa ga dabbobi, inuwa da taki ga hatsi. Maƙwabci ya ga maƙwabci. Hukumomin yankin suka sassauta tara, daga baya dokar gandun daji ta 2004 ta ƙarfafa hannun masu gona. Masana da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta ta sāke samun itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, wajen itace miliyan 200. An ba Rinaudo babbar lambar yabo a Suwidin a 2018. Gaskiyar magana, manoma suka yi aikin da hannunsu, kuma galibinsu ba su taɓa shiga majami'a ba. Abin lura shi ne, mishan wadda ta yi shekara 60 tana gudun siyasa ta wayi gari cikin tambaya mafi siyasa a ƙauye, watau itacen da ke cikin gona na wane ne.

Kalma ɗaya da ta gagari masu fassara

Iskar sauyi ta 1990 ta sa manyan majami'a gaba a ƙasashe da dama. A Benin, Bishop Isidore de Souza ne ya shugabanci taron ƙasa na Fabrairu 1990. A Nijar ba a ɗauko limami ko fada ba, malamin tarihi aka zaɓa, Farfesa André Salifou, ya jagoranci taron da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Da baki ya buɗe, ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, majami'un Furotesta suka rarrabu, sababbi masu wa'azi da amsa-kuwwa suka shigo daga Najeriya da Amurka. Nan ne kalmar layik ta zama abin faɗa.

Kalma ce marar takwara cikin Hausa. In an ce "ƙasa marar addini", an zagi mutanen da suke salla sau biyar. In an ce "ba ruwan hukuma da addini", an yi ƙarya, domin hukuma ce ke shirya aikin hajji, ita ce ke sanar da ganin wata. Abin da masu doka suke nufi shi ne hukuma ba ta da addinin da za ta tilasta wa kowa, ba ta kuma fifita ɗan ƙasa a kan ɗan ƙasa saboda abin da yake bauta wa. Wannan jimla ce mai tsawo, mai wa'azi kuwa gajeriyar fassara yake ɗauka. Aka cire kalmar daga kundin 1992. Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya yi magana a kan raba hukuma da addini, ya kuma hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila ko yanki. Tun daga kundin 1999 kuwa aka sa shugaban ƙasa ya yi rantsuwa bisa littafi mai tsarki na addininsa. Ba a ce Alƙur'ani ba, aka ce na addininsa. Ƴar wannan lafazin ta bar ƙofa a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, ko da ba wanda ke tsammanin ganin Kirista ya shige ta nan kusa. A Senegal dai an gani: Léopold Senghor, ɗan Katolika, ya mulki ƙasar Musulmi shekara 20, da goyon bayan shaihunan ɗariƙu.

Aƙalla sau uku cikin shekara 20 wuta ta kama majami'u a ƙasar nan, kuma ko sau ɗaya ba Kiristocin Nijar suka tsokano abin da ya jawo ta ba.

A Nuwamba 2000, shekarar da jihohin Arewacin Najeriya, har da Katsina maƙwabciya, suka kafa shari'a, aka yi zanga-zanga don nuna ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai. A Maraɗi fushin ya faɗa kan mashayai da gidajen mata masu zaman kansu, ya kai ga majami'ar Vie Abondante, aka ƙone ta. Gwamnatin Tandja Mamadou ta rushe waɗansu ƙungiyoyin da ta ɗora wa laifi.

Na biyun ya fi muni. Wata jarida a Paris ta sāke buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, ga shi Shugaba Mahamadou Issoufou ya halarci jerin gwanon da aka yi can ran 11 ga Janairu 2015 bayan an kashe ma'aikatan jaridar. Ran 16 ga wata a Damagaram, ran 17 a Yamai, aka kashe mutum 10, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. A Damagaram ɗaruruwan Kiristoci suka fake cikin barikin soja, waɗansu kuwa maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Aka yi zaman makoki na kwana 3. Shugabannin majami'u suka fito suka ce sun yafe. A wannan shekarar ne Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, ya hau kujerar Yamai. Maraɗi kuwa ta sami nata bishop a 2001, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Mai zanen bai san Nijar ba, mai majami'ar bai taɓa ganin jaridar ba. An kama shi ne da laifin da ake zaton na danginsa ne, alhali danginsa na jini suna cikin masallacin unguwa.

Na ukun ya faru a Maraɗi, kuma ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya riƙe shi. A Yuni 2019 gwamnati ta kai wa majalisa shirin doka a kan gudanar da ibada. Limamin wani masallaci a unguwar Zariya ya ce cikin huɗubar Juma'a dokar gāba ce da Musulunci. Aka kama shi ran Asabar 15 ga wata. A daren, matasa suka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar, tare da motar fasto, wanda ba shi ya rubuta dokar ba, ba shi ya kama limamin ba. Kashegari aka saki limamin, ya nemi jama'a su kwantar da hankali, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi, abin da aka karanta masa ba shi ne ainihin shirin dokar ba. Ran Litinin 17 ga wata majalisa ta amince da dokar, wadda ta shafi masallaci da majami'a baki ɗaya wajen izinin gini da sa ido kan kuɗin da ke shigowa. Da an fassara ta cikin harsunan ƙasa, an karanta ta a rediyo kafin ta isa majalisa, da wataƙila ginin nan yana tsaye.

A mataki na ƙasa, inda mutumin Hawandawaki ya fi ganin hukuma da idonsa, zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba ƙauyuka kansiloli da magajin gari. A nan ba a tambayar ma'anar layik. Abin da ake tambaya shi ne filin da za a ba jama'a kaɗan su gina wurin ibada, da wurin da za su binne mamacinsu, da rabon gadon wanda ya bar addinin mahaifinsa, da ko za a sa shi cikin jerin masu karɓar hatsin taimako. Irin wannan magana gaban mai gari da hakimi take ƙarewa, da shaidar dattawa, sau da yawa ba ta kai ga takarda.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka karɓi mulki, suka dakatar da kundin 2010. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadinsu, a Maris 2025 kuma aka ƙaddamar da sabuwar yarjejeniyar sāke gina ƙasa. A 2024 ɗin ne SIM ta cika shekara 100 da saukarta Damagaram.